Abin da Tasalla Ta Ce

Ku matso kusa, amma kada wanda ya tsoma baki sai na kai aya.

An yi wani mai ɗaukar hoton majigi, Malam Jatau. Ya fara aiki tun hoto yana bebe, a ga baki na motsi amma ba a jin komai. Kyamararsa da hannu ake juya ta, ga ƙara kamar keken ɗinki. Wata rana ya ɗauki hoton 'yarsa tilo, Tasalla, tana tsaye a tsakar gida tana yi masa magana. Ƙarar ta hana shi ji, shi kuma bai tambaya ba, sauri yake. Da hoto mai magana ya shigo, sai ya shiga yawo gari gari yana ɗaukar 'ya'yan wasu har da muryoyinsu. Yana can ƙyanda ta ɗauke Tasalla.

Tsufa ya zo, ido ya tafi. Ya kira 'ya'yan ƙanensa uku ya ce, "Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Me yarinyar nan ta ce? Wanda ya jiyar da ni, kyamarata tasa ce. Ita kaɗai na mallaka."

Babbansu, Barmo, ya sayar da kekensa ya bi sawun fim ɗin, don kamfanin da tsohon ya yi wa aiki ya daɗe da watsewa. Sai da ƙafarsa ta kumbura kafin ya same shi hannun wani ɗan gwanjo, saura ƙiris a zubar da shi a sayar da gwangwanin da yake ciki.

Na tsakiya, Ɗantani, mai gyaran agogo ne. Fim ya bushe, ana taɓa shi sai ya karye. Ya zauna ya lilliƙe shi, ya tayar da wani mataccen majigi, ya ce, "Sau ɗaya zai wuce, ba ƙari."

Autansu Gambo sanƙarau ya kurmantar da shi yana saurayi, sai ya koyi gane magana daga motsin leɓe. Mutanen gida ko lissafi ba sa yi da shi.

Aka toshe taga da tabarma, aka kunna. Tsoho ba ya gani, hoto ba ya magana. Gambo ya ƙura ido, can ya ce, "Baba, cewa take, 'Baba, fito daga bayan akwatin nan ka dube ni mana.'" Rufe bakinsa ke da wuya, fim ya kama wuta.

Tsoho ya ce, "Ashe abin da ta roƙa ke nan?" Ya juya fuska ga bango, ya daina karɓar ko kunu. Wallahi abin tausayi, bai ga Juma'a ba.

Barmo ya ce ba don shi ba da babu fim. Ɗantani ya ce ba don shi ba da babu hoto. Su biyun suka ce Gambo ne ya kashe tsohon, da ya sassauta masa. Gambo ya ce gaskiya aka nema, ita ya bayar.

To, jama'a, wane ne a cikinsu ya cancanci kyamarar?