Mangwaron da Aka Dasa Cikin Leda

Akwai wani mutum a birni wanda yake zama a gidan haya. Iyali shida ne a gidan, suna da fili ɗaya a tsakiya, babu komai cikinsa sai igiyar shanya da zafin rana. Da ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye, kullum sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon filin.

Wata rana ta ce, "Ɗana, ina marmarin inuwa. Ko a mafarki, gindin mangwaronmu na gida nake gani."

Maganar ta taɓa zuciyarsa. Ya nemi yardar mai gidan da ta maƙwabta, ya ɗebo toka ya zana filin a ƙasa. Nan hanyar zuwa famfo, can dakalin hira, ga furanni jikin katanga, a tsakiya kuwa mangwaro. Yana zanawa yana ganin ganye na rausaya, har yana jin kukan kurciyar da ba ta zo ba tukuna.

Ya sayo dashe wurin Baba Istifanus mai lambu, cikin baƙar leda. Tsohon ya ce masa, "In za ka dasa, ka yage ledar."

Amma da ya haƙa rami, ya ga ƙasar birni duk tsakuwa ce da ɓaraguzan bulo, sai tausayin dashen ya kama shi. Wai shi mai dabara, ya binne shi da ledarsa domin ya zauna cikin ƙasarsa mai laushi.

Damina uku ta wuce. Furanni suka yi kyau, dakali ya yi santsi don zama, amma mangwaro bai wuce gwiwa ba. Bai mutu ba, bai kuma girma ba. Tsohuwa tana nan bakin ƙofa, ƙarfinta yana raguwa.

Ran nan ya tone gindin, ya tarar saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Tsohuwa ta ce, "Yage ta yanzu, ɗana. Ni ba zan sha inuwar ba, amma jikokina za su sha."

Ya yage. Itacen ya yi girma, inuwarsa ta kai har bakin ƙofar nan, amma kujerar tsohuwa babu kowa a kai.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Filin nan shi ne inda Ubangiji ya ajiye mu tsakanin mutane. Dashen shi ne zuciyarmu, ledar kuwa tsoron da ke hana mu ba da kanmu gare shi da maƙwabtanmu. Muna zuwa sujada, ana yi mana ban ruwa kowace Lahadi, amma ba wanda ya taɓa hutawa a inuwarmu. Abin yana ba ni baƙin ciki, domin ni ma na yi shekaru cikin leda. Akwai wanda yake zaune bakin ƙofa yana jiran inuwarka, ba kuwa zai daɗe yana jira ba. Ka yage ledar yau.