Muryar da Ta Maƙale a Rediyon Mota

Akwai wani matashi a Tudun Wada, nan Kaduna, mai suna Mustapha. Takalma yake sayarwa a Kasuwar Barci. In faɗa muku gaskiya, ba mugun yaro ba ne. Matsalarsa guda ce: ba ya iya jure a yi masa dariya. In abokai suka ce hularsa ta tsufa, to daga ranar hular ta gama aiki.

Mahaifinsa, Malam Abubakar tela, ya rasu ya bar tsohuwar mota, irin wadda rediyonta na asali ke cin kaset. A cikin rediyon akwai wani kaset da ya maƙale tun Malam na da rai. Maɓallin fitarwa ya mutu, amma kaset ɗin yana juyawa lafiya lau. In ya kai ƙarshe sai ya juya da kansa ya sake farawa.

Ba waƙa ce a ciki ba. Shekarun baya Malam ya yi zaman ɗinki a Jidda, lokacin da waya ba ta zo hannun kowa ba. Mutanen wancan zamani in za su aiko da saƙo gida, zama suke yi gaban rikoda su yi magana, su ba alhajin da zai dawo ya taho da kaset. Cikin duk waɗanda Malam ya aiko, wannan kaɗai ya rage. Rikodar gidan ta daɗe da lalacewa, don haka a mota kawai ake iya jin sa.

Ga yadda yake farawa. Malam ya ɗan yi tari, sannan ya ce: "Salamu alaikum. Kulu, kina ji na? Ina nan lafiya. Ki ci abinci, kar ki zauna da yunwa kina tunani. Ina nan tafe in Allah ya yarda."

Kulu ita ce mahaifiyar Mustapha, 'ya'yanta suna kiran ta Inna. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu kunya, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Babba take ce masa.

Bayan rasuwar Malam, Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta tashi, amma tunaninta bai dawo daidai ba. Ta manta mijinta ya rasu. A wurinta yana can Jidda. Wata safiyar sai ta tashi hankali a tashe, ta ture kwanon koko, ta ja ƙafa ta nufi ƙofa tana tambayar me ya sa Malam ya yi shiru.

Ƙanwar Mustapha, Fiddausi, ita ke jinyarta, kuma ita ta gano maganin. Sai ta riƙo Inna a hankali ta zaunar da ita a gaban mota, a kunna rediyo. Da Malam ya ce, "Kulu, kina ji na?" sai fuskar tsohuwa ta saki.

"Ina jin ka, Malam," za ta amsa.

Da ya ce ta ci abinci, sai ta miƙa hannu a ba ta kwanon. Haka gidan ke tafiya. Likita na da nasa magungunan, amma abin da ke sa Inna ta haɗiyi loma shi ne wannan kaset.

Fiddausi ta sha yi wa yayanta magana.

"Yaya, don Allah ka ɗauki muryar Baba a wayarka. Tawa ƙarama ce, ba ta ɗauka. Abin nan roba ne fa, ya tsufa."

"Zan ɗauka," in ji shi. "Gobe."

Kun dai san irin wannan goben. Wayarsa cike take da waƙoƙi da hotunan takalma, amma muryar ubansa ba ta samu wuri ba.

Wata rana abokinsa Hamza ya shiga motar, ya kai hannu ya kunna rediyo. Muryar tsoho ta fito. Hamza bai san ko wane ne ba, sai ya fashe da dariya.

"Kai! Wannan wane kakan ne ke zaune a motarka?"

Mustapha ya yi wuf ya kashe. Maimakon ya ce mahaifina ne, sai ya ce, "Wani tsohon wa'azi ne, ya maƙale." Daga ranar abokai suka sa wa motar suna Gidan Tsoho. Duk wanda ya faɗa, sai Mustapha ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Sai ga ɗaurin auren wani abokinsu ya taso a Kakau. Aka shirya jerin motoci, kowa zai saki kiɗa daga wayarsa. Hamza ya ce shi fa ba zai shiga motar da za ta tafi shiru kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa ba. Ya ce akwai wani mai gyaran lantarkin mota a bakin titi a Gonin Gora, sunansa Victor, a kan hanyarsu yake, nan da nan zai jona waya da rediyon.

Suka tsaya wurin Victor da hantsi, cikin manyan kaya, sauran motocin na jira a gefen titi.

Victor ya fara gwada ɗan abin nan da ake sakawa a ramin caja, wanda ke tura waƙar waya zuwa tashar rediyo. Bai yi ba. Eriyar motar ta karye tun tuni, sai shuuu kawai ake ji. Sai ya shiga shago ya fito da wani abu mai siffar kaset, amma da igiya a jikinsa kamar wutsiya. Ana tura shi ramin kaset, a jona bakin igiyar a waya, sai rediyon ya ɗauka kaset yake ci, alhali waƙar waya ce ke fita ta sifika.

Ya leƙa ramin, ya taɓa da yatsa.

"Oga, akwai kaset a ciki, kuma ya riƙe sosai. In kana son sa da rai, sai na kwance rediyon gaba ɗaya, na buɗe shi a kan tebur a hankali. Sai dai ka bar min motar zuwa gobe. In kuma ba ka damu da shi ba, yanzun nan in zaro shi da filaya. Mene ne a ciki?"

Tambaya ce mai sauƙi, jama'a. Amsarta ma mai sauƙi ce.

Mustapha ya dubi Hamza. Hamza na murmushi, ya ce, "Gaya masa mana. Tsohon gidan ne." Daga bakin titi masu motocin da ke jira suka fara danna hon.

"Ba komai a ciki," in ji Mustapha. "Zaro shi."

"Ka tabbata, oga? In na ja, ba na ce zai fito lafiya ba."

"Na ce ka zaro."

A ransa yana cewa ai roba ce, za ta fito, in an dawo biki sai a mayar. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma ya fi tsoron dariyar Hamza.

Victor ya sa filaya ya kama, ya ja. Aka ji ƙas. Robar ta fito a fashe, zaren kuma ya biyo ta yana warwarewa, rabi a waje, rabi ya naɗe a cikin injin rediyon. Dole Victor ya sa reza ya yanyanka, yana tsinto guntaye yana yarwa a ƙasa, cikin baƙin man da ya jiƙe wurin. Mustapha na tsaye yana kallo.

Aka tura sabon abin, aka jona waya. Kiɗa ya tashi har ƙofofin motar na rawa. Hamza ya buga masa kafaɗa, ya ce, "Yau tsoho ya tashi daga gida!" Kowa ya yi dariya.

Abin da ke ci min rai a labarin nan shi ne, Mustapha ma ya yi dariyar.

Washegari da safe Inna ta tashi da rikicinta. Ta ture koko, ta nufi ƙofa. Fiddausi ta lallaɓa ta zuwa mota kamar kullum, ta karɓi makulli a hannun yayanta, wanda ya miƙa mata kansa a sunkuye. Tana zaunar da Inna sai ta ga igiya na reto daga bakin rediyo.

Ta juyo a hankali. "Yaya, ina kaset ɗin Baba?"

Acaɓa ya hau, ya koma Gonin Gora, ko zai samu guntayen a haɗa. Victor ya nuna masa wani tudun toka a bayan shago. Kullum in za su tashi sukan share wurin su ƙona shara.

Da ya ji abin da ke cikin kaset ɗin, Victor ya ɗora hannu biyu a ka.

"Muryar babanka? Haba oga! Ai na tambaye ka. Na tambaye ka fa! Ka sa na yanka muryar mamaci da hannuna."

Mustapha ya tsuguna gaban tokar nan yana tonawa da tsinke. Babu abin da ya samu sai narkakkiyar roba.

Inna ta daina cin abinci. In an matsa mata ta kurɓi ruwa, shi ke nan. Kullum sai ta sa a kai ta mota, ta zauna ta zuba wa rediyo ido, tana jira. "Malam ya yi fushi ne?" take tambaya. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa, aka dawo, ba abin da ya canja.

Sai dabara ta zo wa Mustapha. Mutane sun sha cewa muryarsa irin ta mahaifinsa ce, kuma ya haddace kaset ɗin tsaf saboda yawan ji. Ya shiga ɗaki ya rufe, ya yi ta ɗaukar kansa a waya yana gogewa. Ya kwaikwayi tarin, ya kwaikwayi yadda Malam ke jan sallama. Da ya kunna wa Fiddausi, sai da ta toshe baki ta yi kuka, don kamar ta yi yawa.

Suka zaunar da Inna a mota. Ya jona wayar a igiyar nan da ya saya don biki. Ya danna.

"Salamu alaikum. Kulu, kina ji na?"

Suka zuba mata ido. Ba ta amsa ba. Ta saurara har aka kai wurin cin abinci, kanta a karkace. Sannan ta juyo ta dubi ɗanta, da wani irin kallo mai tsabta da suka daɗe ba su gani a idonta ba.

"Mustapha," ta ce.

Tunda yake a duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar.

"Muryarka ce wannan. Ni na haife ka. Ina Malam?"

Fiddausi ta sunkuyar da kai.

"Ya rasu ko?" Ta dubi Fiddausi, ta sake duban sa. "Har an kai shi, ban gan shi ba?"

Ta yi kuka irin na wadda aka yi wa rasuwa yanzun nan. Mustapha ya durƙusa a bakin ƙofar motar ya riƙe ƙafafunta yana cewa ta yafe masa. Ba ta ma san abin da yake roƙo a kai ba.

Ciwon bai tausaya mata ba. Da gari ya waye ta sake mantawa, ta sake tambayar me ya sa Malam ya yi shiru. Amma ba ta ƙara yarda ta shiga motar ba. Ta ce akwai mai yi mata ƙarya a ciki. Haka ta yi ta tambaya, ƙarfinta na raguwa, har Allah ya karɓi abarsa kafin azumi.

Hamza ya zo ta'aziyya. Ya zauna a tabarma, ya yi addu'a, ya tashi ya tafi. Har yau bai san muryar wa ya yi wa dariya ba, don Mustapha ya kasa faɗa masa.

Motar na nan tana yawo a Tudun Wada. In ka shiga za ka ga igiya na reto daga bakin rediyo. Tana aiki lafiya lau. Mustapha bai sake jona komai a jikinta ba.

Darasi: Kar ka ji kunyar abin da ya shafi iyayenka don gudun dariyar abokai. Dariyar ba ta kwana, amma abin da ka lalata saboda ita yana iya zama wanda ba a sayar da irinsa a ko'ina. In an tambaye ka darajar abu, faɗi gaskiya, kuma ka yi haƙurin kwana ɗaya a yi aiki a hankali. Wanda ke da muryar iyayensa ko hotonsu a wani tsohon abu, ya adana yau, kar ya ce gobe. Allah ya jiƙan iyayenmu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan filaya yanzu haka.