Dekin Da Ba Na Kowa Ba

Akwai wata tela, Lantana, da ta sayi sashen ƙasa a wani gidan bene, ta yi wa sashen da kayanta inshora. Rannan ruwa ya tsattsafo ta dekin kankaren da ya raba sama da ƙasa, ya lalata atamfofin mutane da ke wurinta. Ta garzaya wurin manajan kamfanin inshorar.

Ya ce, "Hajiya, ɓarnar da ta taso daga cikin sashenki muke biya. Dekin kuwa daɓen Malam Tanimu ne na sama."

Ta ce, "Ai shi ma ku kuka yi masa inshora, kuka ce masa rufina ne."

"To, nemo mai dekin ki kawo shi, sai mu biya."

Lantana ta yi murmushi. "Yallaɓai, ba nawa ba ne, ba nasa ba ke nan?"

"Haka yake."

"Madalla! Gobe zan sa magina su fasa shi ta ƙasa, tunda babu mai kai ƙara. Firjin Malam da kujerunsa su rufto falona, su ragargaza kekunan ɗinkina. Ɓarna daga sashena ta taso, sai ku biya nawa da nasa."

Manaja ya gyara zama, ya ce, "Hajiya, atamfofin nan turmi nawa ne?"