Maɓallin da Wendell Ya Sauya

Akwai wani mutum a birnin Winnipeg mai suna Wendell Prochaska. Da rana yana aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin inshora. In ya tashi kuma sai ya koma kan abin da ransa yake so, wato wata manhajar tace bidiyo da ake kira Tallgrass.

Manhaja ce ta kyauta. Kowa na iya sauke ta, kowa kuma na iya leƙa cikinta ya yi gyara. Mutum goma sha ɗaya ne ke gina ta, ba wanda ake biya ko sisi, amma dukansu sun san Wendell ne ƙashin bayanta. Shekararsa shida a kanta.

Har lokacin ba a gama ginin ba. Abin da ka bari a dama yau, mako mai zuwa sai ka tarar da shi a hagu. Mutane sukan sauke ta, su yi ta lalube, su gaji su goge.

Ana nan sai wata dattijuwa ta shigo zauren tattaunawarsu na intanet. Sunanta Odette Marchand, ta yi shekara talatin tana koyar da 'yan firamare kafin ta yi ritaya. Bidiyon bikin 'yarta take son ta rage wa tsawo.

Ta rubuta: "Jama'a, ina zan danna in cire wajen da mijin ƙanwata ya yi minti goma yana jawabin da ba wanda ya sa shi?"

Wendell ya amsa mata da layi ɗaya, cike da kalmomin da ba ta taɓa ji ba.

Ta dawo ta ce: "Na gode ƙwarai. Yanzu maimaita min kamar kana yi wa ɗan aji biyu bayani."

Haka ta yi ta tambaya. Duk amsar da ta samu sai ta gwada da hannunta, ta rubuta ta da maganar da kowa zai gane, ta haɗa da hoto, ta saka a zauren don masu zuwa a bayanta. Kafin shekara ta zagayo, abin ya zama cikakken littafin jagora.

Jagoran aikin, Ravinder Sandhu, ya ga amfanin abin. Ya ɗora littafin a shafin farko na manhajar, ya kuma kafa doka guda: duk wanda ya sauya wani abu da mai amfani zai gani, to ya sanar da Odette kafin a saki sabon zubin manhajar, don ta gyara shafin da abin ya shafa a littafin.

Daga nan masu amfani da Tallgrass suka fara yawa. Malaman makaranta, masu ɗaukar biki, tsofaffi masu tara hotunan jikoki. In ka shiga zauren, ba abin da za ka gani sai, "Anti Odette, kin fitar da ni kunya," da "Anti Odette, ba don ke ba da na haƙura."

Wendell yana karantawa, ba ya ganin sunansa a ko'ina.

Da dusar ƙanƙara ta narke, suka shirya taron haɗuwa a wani ɗakin taro na unguwa. An ajiye kofi da kek a bayan ɗaki. Wendell ya yi jawabin minti arba'in kan yadda ya sa manhajar ta ninka sauri. Aka yi masa tafi na ladabi. Da aka tashi, sai ga layi ya miƙe a gaban Odette.

Yana tsaye da kofinsa sai wani mutum mai ƙiba ya miƙo masa waya.

"Ɗan'uwa, taimaka ka ɗauke mu hoto da Anti."

Wendell ya ɗauka.

Mutumin ya duba hoton ya ce, "Ya yi kyau. Kai ma da Tallgrass kake aiki? In ka rikice ka karanta littafinta, ko irinmu masu kwanyar dutse muna ganewa."

Odette ta yi sauri ta ce, "Ai wannan shi ne Wendell, shi ya gina ta!"

"Au, sannu da ƙoƙari," in ji mutumin, ya juya ya ci gaba da hirarsa da ita.

A mota matarsa Lucille ta dube shi ta ce, "Lafiya ka kumbura kamar ƙullin burodi?"

"Shekara shida, Lucille. Ni na haƙa rijiyar, ita guga kawai ta kawo. Matar da ba ta iya rubuta layi ɗaya na manhaja ba!"

"Ba kai ne kake ce min ba don yabo kake yi ba?"

"Ba don yabo nake yi ba."

"To ka saki sitiyarin nan kafin ka karya shi."

Bai yi dariya ba.

A cikin manhajar akwai wani maɓalli da ake kira Shara. Aikinsa shi ne ya kwashe tarkacen da kwamfuta ke tarawa lokacin aiki. A littafin Odette an rubuta: "Danna shi ba tare da fargaba ba. Ba ya taɓa ainihin bidiyonka."

A makonnin nan Wendell ya faɗaɗa aikin maɓallin. Yanzu har ainihin bidiyon da mutum ya shigar amma bai riga ya jera a cikin fim ɗinsa ba, shi ma kwashe shi yake yi, don a sami wuri. Ya sa ɗan gargaɗi da zai fito da ƙananan haruffa, da irin yaren da shi da ire-irensa kaɗai ke ganewa. Ya kuma sauya wa wasu abubuwa biyar suna da mazauni.

Ya buɗe saƙo zai sanar da Odette kamar yadda doka ta ce. Ya rubuta sunanta. Ya zauna yana kallon allon, sai muryar mai ƙibar nan ta faɗo masa a rai.

Ya ce a zuciyarsa, "Bari dai su ga littafin nan ba saukakke ba ne."

Ya goge saƙon.

Ranar Talata aka saki sabon zubi. Kafin Laraba ƙorafi ya cika zauren. Wannan ya ce hoton shafi na tara bai yi daidai da abin da yake gani ba. Wancan ya ce littafin ya tsufa. Wani marar kunya ma ya rubuta, "A nemo mai jini a jika, Anti ta gaji."

Wendell yana cin abincin rana a ofis yana karantawa, yana murmushi shi kaɗai. Rabon da abinci ya yi masa daɗi haka ya manta.

Ranar Alhamis wani saƙo ya shigo daga wata malamar makaranta a can arewacin lardin da Winnipeg take, mai suna Corinne Beardy. Shekara biyu ta yi tana ɗaukar kakanta yana ba da labaran mutanensu da harshensu na gado, wanda yaran garin suka fara mantawa. Tsohon ya rasu a cikin hunturu. Tana haɗa fim ɗin da za a nuna wa ɗalibai da dangi, sai kwamfutarta ta cika. Ta duba littafi, ta ga an ce ta danna Shara ba fargaba. Ta danna.

Ta rubuta: "Fiye da rabin hirarrakin babu su. Ba ni da su a ko'ina. Don Allah wani ya ce min ba su tafi ba."

Wendell ya ajiye cokalinsa.

Kafin ya iya tunanin abin da zai ce, Odette ta riga ta amsa: "Corinne, kashe kwamfutar yanzu, kada ki sake kunna ta. Ni na rubuta cewa maɓallin ba ya taɓa ainihin bidiyo, kuma yau maganar ba gaskiya ba ce. Ki yafe min. Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Jama'a kuwa suka yi mata caa.

Da yamma wayar Wendell ta yi ƙara.

"Wendell, Odette ce. Corinne za ta tuƙo mota awa takwas ta kawo kwamfutar gidana ranar Asabar. A cikinmu ba wanda zai iya tono abin da aka goge sai kai. Za ka zo?"

"Zan zo."

"Yawwa. Ƙarfe tara."

Ranar Asabar suka zauna a teburin kicin ɗin Odette. Corinne ta zo idanunta sun yi ja, ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Wendell ya cire ma'ajiyar kwamfutar ya haɗa da tasa, ya duƙufa. Odette tana zuba musu shayi, ba mai sha.

Wajen ƙarfe uku ya fara dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Fuskar tsohon ta bayyana a allo, yana zaune a bakin tafki da hular ulu, yana dariya. Corinne ta rufe baki da hannu.

Yawancinsu sun dawo. Huɗu sun lalace, ba yadda za a yi da su. Ɗaya daga ciki ita ce hirar ƙarshe, wadda ta ɗauka mako biyu kafin rasuwarsa, inda ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta ɓoye shi a cikin jeji don kada a raba ta da shi. Bai taɓa ba kowa labarin nan ba sai ranar.

Corinne ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta kama hannun Wendell da hannu biyu ta ce, "Ban san da bakin da zan gode maka ba. Ba don kai ba da na rasa shi gaba ɗaya."

Ta juya wajen Odette, muryarta a sanyaye. "Anti, ban riƙe ki ba. Amma ki riƙa dubawa kafin ki rubuta. Mun yarda da ke ne."

Odette ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiyarki."

Nan ne Wendell ya kasa jurewa. Yabon da ya daɗe yana nema ga shi an damƙa masa, amma ji ya yi kamar garwashi aka zuba masa a tafin hannu. Ya zare hannunsa.

"Ba laifinta ba ne. Ni na sauya maɓallin. Ya kamata in faɗa mata, ban faɗa ba."

Corinne ta ce, "Mantawa ka yi?"

"A'a. Da gangan na ƙi. Na ga ana yabonta ana barina, na so littafinta ya kunyata ta."

Corinne ta dube shi. Ta tashi ta naɗe wayoyinta, ta sa kwamfutar a jaka, ta ja zif. Sai da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Kakana bai san ka ba, bai san ta ba. Me ya yi maka?"

Ta fita. Suna ji ta tada mota.

Wendell ya ɗago ya dubi Odette. "Kin sani?"

"Tun ranar Talata," in ji Odette. "Ba ka taɓa manta sanar da ni ba, ko waƙafi ka matsar. Shekara talatin ina aji, Wendell. Na san fuskar yaron da aka manna zanen abokinsa a bango ba a manna nasa ba."

"To don me kika ɗauki laifin?"

"Don ina da nawa kason. Ni na ce mata ta danna, kuma na ga an saki sabon zubi ban bi na gwada komai ba. Sannan da na tsaya nuna ka da yatsa ranar Alhamis, wa zai zauna a kujerar nan yau?"

Ta kwashe kofunan ta kai wajen wanke-wanke. Tana ba shi baya ta ce, "Abin da ya ba ni mamaki da kai, duk shafin da na rubuta aikinka nake bayyanawa. Wanda ya ce littafin ya yi kyau, me kake tsammani ya gani a ciki?"

Ranar Lahadi Wendell ya rubuta gaskiyar abin da ya faru a zauren, da sunansa, bai rage komai ba. Wasu suka ce a kore shi. Ravinder ya karɓe masa ikon sakin gyara shi kaɗai, ya ce daga yau sai wani ya duba aikinsa, sai kuma Odette ta gwada da hannunta. Ita ce ta roƙa a bar shi a cikin aikin. Ya mayar da maɓallin yadda yake a da.

Ya rubuta wa Corinne doguwar wasiƙa. Ba ta amsa ba, kuma har yau ba ta amsa ba.

A farkon kaka aka nuna fim ɗin a ɗakin wasannin makarantar garin su Corinne. An gayyaci Odette ta je. Da ta dawo Wendell ya tambaye ta yadda aka yi.

Ta ce, "Ɗakin ya cika, har da masu tsayuwa. Da aka zo wajen hirar ƙarshe, Corinne ta tashi ta tsaya a gaban allo ta ba da labarin da bakinta, iya abin da ta tuna. Sau biyu tana tsayawa ta ce, 'A nan ya faɗi wata kalma, na manta ta.'"

Wendell ya juyar da fuskarsa wajen taga. Ya iya gyara kusan duk abin da ya lalace a cikin kwamfuta, amma kalmar nan ta tsohon ba shi da hanyar dawo da ita.

Darasi: Mai hassada yakan auna mutum ɗaya, amma kibiyarsa ba ta da ido, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba take samu. In ana yabon abokin aikinka, aikinku ne ya yi kyau, hasken fitilarsa ba ya rage naka. Kuma akwai ɓarnar da ko an tuba ba ta gyaruwa, don haka ka tsayar da zuciyarka tun kafin hannunka ya motsa. Ku tura wa abokan aikinku da 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake dab da goge saƙon da ya kamata ya aika.