Baƙon da Ya Faɗo a Gonar Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na kama sunansa ba. Nomau ake ce masa. Manomi ne, gonarsa ɗaya tak, ita ma rabinta tsakuwa. Ba malami ba ne, jama'a. Gajerun surorin da yake salla da su kaɗai ya iya.

A zamanin babban yaƙin nan na Turawa, wata rana da hantsi yana noma, sai ga jirgin sama yana tafe yana hayaƙi, ya rikito a bakin gonarsa. Kowa ya ranta a na kare. Nomau ya yar da fartanya ya nufi wutar. Ya jawo matuƙin, wani saurayin Bature, ƙirjinsa jina-jina. Ya ɗora kansa a cinya, ya ɗiga masa ruwa daga gora. Ba mai jin yaren wani. Saurayin ya zare zobensa, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai rubutu daga wuyansa, ya damƙa wa Nomau, ya matse masa yatsu a kai. Kafin azahar ya cika.

Mutanen gari suka ce, "Kai Nomau, kada ka jawo mana masifa. A kai shi daji. Ba Musulmi ba ne, kuma in hukuma ta zo za a ce mu muka kashe shi."

Nomau ya ce, "Uwa ce ta haife shi. Kuma a hannuna ya cika."

Shi kaɗai ya haƙa kabari a gindin tsamiyar gonarsa. Shi kaɗai, ku saurara! Ya naɗe shi da rigarsa ta Juma'a, ya binne, ya jera duwatsu. Ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa zuwa birni don ya ba da labari, mai gadin ofis ya dubi ƙafafunsa masu faso, ya kore shi. Ya dawo ya sa zoben da ƙarfen a tsumma, ya ɓoye a rumbu.

Aka yi shekarar yunwa. Matarsa Kande ta ce, "Malam, yaran nan kwana uku ganye suke ci. Zoben nan zinariya ne. Mai shi ya mutu."

Nomau ya ce, "Mai shi ya mutu, Kande, amma yana da mutane. Ajiya aka ba ni." Ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ya tafi ƙwadago. Duk damina yana cire ciyawar kabarin, yana cewa, "Baƙona, har yanzu ba su zo ba."

Shekara arba'in da uku, jama'a. Kande ta rasu, idon Nomau ya yi hazo. Sai ga mota a ƙauyen, da likitoci, da tafinta, da wata Baturiya mai furfura, Hilda. Ƙauye bakwai suka bi suna tambaya. Uwarta na ɗauke da cikinta ubanta ya tafi yaƙi, takarda kawai aka aiko cewa ya ɓace.

Nomau ya kwance tsumman. Likita ya karanta lambar ƙarfen, ta yi daidai da ta takardarsu. Aka tone kabarin a hankali, aka duba haƙora da wata tsohuwar karaya a hannu, duk suka dace. Hilda ta juya zoben, ta ga sunan uwarta a ciki, ta durƙushe a kan ƙasar tana kuka.

Nomau ya ce wa tafinta, "Tambaye ta, mahaifiyarta na da rai?"

"Bara ta rasu, Baba. Ba ta sake aure ba. Har ta mutu tana cewa zai dawo."

Hawaye ya zubo wa tsohon. Ya ce, "Da na sake komawa birnin nan, ko da za su sake korata." Sannan ya ce, "Me sunansa?"

"Edwin."

Ya maimaita har sau uku. Ta ce ya faɗi abin da yake so a yi masa. Ya ce, "A kai shi kusa da matarsa." Suka tafi da ƙasusuwan a akwati. Kaka ba ta zagayo ba shi ma Nomau Allah Ya karɓi abinsa.

To, jama'a, amana ba ta tambayar addinin mai ita, kuma ba ta mutuwa don mai ita ya mutu. Mutumin nan ya riƙe amanar baƙo, ba shaida, ba mai tuhuma, har yana kuka wai ya gaza. Kai fa? Ɗan'uwanka ya rasu ya bar maka marayu da gona. Makwabcinka ya bar maka saƙo bai dawo ba. Akwai mai jira a wani wuri, kuma mai jira ma mutuwa yake yi. In ka tashi daga nan, ka je ka kai. Allah Ya sa mu cika da hannunmu ba kayan kowa.