Cajar da Ba Tata Ba

Akwai wani mutum manomi, yana zaune da mahaifiyarsa tsohuwa, wadda idonta ya dushe, kunnenta kuma ya yi nauyi. Ƙanwarsa tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Da ta zo ganin gida, sai ta kawo wa tsohuwa kwamfutar tafi-da-gidanka, ta cika ta da karatun Zabura da muryarta ita kanta. Da yake ƙarar kwamfutar ba ta kai wa kunnen tsohuwa, ta haɗo da 'yar lasifika mai cajarta daban, wadda ake sa wayarta a ɗaya daga cikin ƙananan kafofin da ke gefen kwamfutar.

Ranar da za ta koma ta ce wa wanta, "Yaya, wannan lasifika ba ta cin wutar kowace caja sai tata. In wani abu ya same ta, ka kira ni."

Ya ce, "Ni da nake kwance injin ban-ruwa in ɗaura, wannan 'yar abar ce za ta gagare ni?"

Tun daga nan, kowace safiya tsohuwa ba ta shan kunu sai ta ji muryar 'yarta. Shi kuwa karatunsa bai wuce haɗa baƙi ba, ba zai iya maye mata gurbin ba.

Ana nan, wata safiya ya tarar ɓera ya gutsure wayar cajar lasifikar. Tsohuwa kuwa ta kwana biyu ba ta jin daɗi, ga ta nan zaune a kan tabarma tana jira. Ya ɗauki wayarsa zai kira ƙanwar, ya tuna cika bakin da ya yi, ya mayar da ita aljihu.

To, a gidan nan akwai wata ƙwarya a ƙarƙashin gado, kamar yadda take a gidajen yawancinmu, inda ake zuba kowace tsohuwar caja, ta rediyo, ta fitila, ta abin da ya mutu tun bara. Dokar ƙwaryar guda ce: wadda bakinta ya shiga, ita ce. Ya yi ta gwadawa, har ya dace da wata baƙa mai nauyi, ta tsohon akwatin talabijin. Ta shiga daram. Akwai ƙananan rubutu a bayanta, amma wa ya tsaya dubawa?

Murya ta fito da ƙarfi, har ta fi ta kullum. Tsohuwa ta yi murmushi. Kafin ya gama jin daɗi, sai muryar ta yanke, ƙaurin roba ya tashi.

"Me ke ƙonewa?" in ji tsohuwa.

"Ba komai, Inna, daga maƙwabta ne."

Maimakon ya zare baƙar cajar, sai ya ce a ransa kafar ce ta gaji. Ya cire wayar lasifikar ya sa a kafa ta gaba. Lasifikar ta yi ƙara kaɗan, wannan kafar ma ta mutu. Ya matsa ta ɗaya gefen, ita ma haka. Sai da ya ƙone su duka sannan hankalinsa ya kai ga cajar, kunun tsohuwa kuwa ya riga ya huce.

Ya saɓa kwamfutar ya ruga wurin mai gyara a kasuwa. Mai gyara ya duba ya ce, "Malam, fuskarta lafiya, karatun ma yana nan ciki, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma wutar da ta fi ƙarfinta ta biyo ta lasifikar ta cinye kafofin. Yanzu ba shiga ba fita. Sai dai a gwada birni, ni ban yi maka alkawari ba."

Da ya dawo gida ya faɗa wa tsohuwa gaskiya, ya kunna mata kwamfutar hakanan, ba lasifika. Ta jawo kwamfutar ta kara a kunnenta, ta saurara. Sa'an nan ta ce, "Na san ita ce, ɗana. Amma ban san abin da take faɗa mini ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, kwamfutar nan zuciyarka ce, wadda Ubangiji ya zuba Maganarsa a ciki domin waɗansu su ji su rayu. Kafofin su ne kunnenka da idonka da bakinka. Baƙar cajar ita ce duk wani ƙarfi da ba daga wurin Allah yake ba: laya a ɓoye, shawarar abokin banza, koyarwa mai daɗin ji. Za ta shiga daram, har ka ga kamar abin ya fi da, amma kama da wane ba ta wane. Mutumin nan girman kai ne ya hana shi tambaya, tsoro kuma ya sa shi maimaita kuskure. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan, 'yan'uwa. Mutum zai zo sujada fes da shi, ayoyi cike da kansa, alhali wa'azi ba ya shigarsa, ta'aziyya kuma ba ta fita daga bakinsa. In ka ji ƙauri a rayuwarka, tsaya nan, zare abin, ka kira Mai ita. Akwai wanda yake zaune a gidanka yana jiran ya ji Allah ta bakinka.