Tayar da Ta Yi Shiru

Akwai wani tsohon makaniki a wani gari bisa tudu, wanda ba ya ajiye noti sai a kan farin ƙyalle. Direbobi suna ce masa Baba Sai-Gobe, domin aikinsa ba ya sauri.

Wata rana da damina wani direba ya kawo masa bas. Fitilar gargaɗin birki ta kunnu a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Ga shi kuwa washegari zai kai matan zumuntar ikilisiya goma sha huɗu taro a gindin duwatsu, ta hanya mai gangara da kwana-kwana.

Direban ya ce, "Baba, birkina yana ci lafiya lau. Cire mini ƙwan fitilar nan kawai, kada matan nan su ishe ni da tambaya. Kowa haka yake yi."

Tsohon ya ce, "Ɗana, ƙwan ba shi da laifi. Kowace taya tana da 'yar na'ura da ake kira sensa, wadda take gaya wa mota gudun tayar, don in ka taka birki a kan santsi kada tayar ta ƙame ta ja ka gefe. Ɗaya cikin huɗun ta yi shiru. Zan nemo ta."

"Shi ke nan, yau ma sai gobe!"

Tsohon ya ɗauko kayan aikinsa. Ya ɗaga tayar gaba ta dama da jak, ya haɗa mitarsa ta gwaji da wayar sensar, ya juya tayar da hannu, allurar mita ta motsa. Ta hagu ma haka, ta baya ta dama ma haka. Da ya juya ta baya ta hagu, allurar ta tsaya cik.

Direban ya ce, "Ta mutu ke nan. A jefar, a sa wata."

Amma tsohon ya kwanta a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya bi wayar da yatsa daga farko har ƙarshe, bai sami inda ta tsinke ba. Sai ya kwance sensar. Ashe laka da garin ƙarfe ne suka toshe mata baki. Ya goge ta a hankali, ya mayar, ya sake juya tayar. Allurar ta motsa. Da aka ta da mota aka ɗan zaga, fitilar ta mutu da kanta.

Bayan kwana uku tsohon ya ji waƙa a ƙofar gareji, da kiɗan tulu da kacau-kacau. Matan zumunta ne, direban yana gabansu, hularsa a hannu.

Ya ce, "Baba, a lanƙwasa ta uku ruwa yana zuba, shanu suka faɗo hanya. Na taka birki da dukan ƙarfina, yana rawa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuwa ta tsaya sak, rami yana nan kusa da mu. Daga yau duk wanda ya ce maka Sai-Gobe, ni da shi ne."

Tsohon ya ƙirga matan ɗaya ɗaya, ya ga sun cika sha huɗu. Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ku bar mini sunana. Ina sonsa."

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Motar ita ce ikilisiya, tayoyin su ne mu, fitilar kuwa damuwar nan ce da Ruhu Mai Tsarki yake kunna mana sa'ad da muka ga gurbin wani a benci na baya. Sau da yawa mukan cire ƙwan, mu ce ƙila ya yi tafiya. Wani lokaci mu ce bangaskiyarsa ta mutu, a bar shi. Alhali kuwa baƙin ciki ne ko kunya ta toshe masa baki, ba wanda ya sunkuya ya duba. Da rani ba za a ga rashinsa ba, sai ranar santsi.

Kowannenku ya san wanda ya yi shiru. Ku je gidansa makon nan, ku zauna, kada ku yi sauri.